Gyara Kayanka: Da Awo Ake Zuwa Kasuwa Neman Kayan Majigi

Jama'a, sallama irin ta kullum. Hunturun bana ya sauko mana da ƙarfinsa a Jos, har yatsuna ba sa yarda su riƙe sukundireba sai hantsi ya dubi ludayi. Tun ranar da na ambaci majigi a wannan fili, cikin amsar wani da ya yi tambaya a kan tsohuwar rediyo, wasiƙu suke ta shigowa. Ashe tsofaffin majigin suna nan jibge a ƙarƙashin gadaje da saman silin. Na zaɓo wasiƙu biyar. Kamar yadda muka saba, ba ma sa sunan mai tambaya, sai unguwarsa.

TAMBAYA: Baba, barka da aiki. Bayan rasuwar mahaifinmu muka buɗe wata adaka, muka tarar da majigi ƙirar Eumig da ƙananan faifan fim guda 14. A jikin wani an rubuta "Arfa", wani "Suna", wani "Hawan Sallah". Ƙanena ya jona ta, fitila ta kama, ana jin ƙugin inji, amma faifan ko motsi. Da ya buɗe bayanta sai ga wani baƙin abu kamar kwalta ya manne ko'ina. Mun zaga Dilimi da Titin Ahmadu Bello, kowa ya ce bai taɓa jin sunanta ba. A ina ake sayar da kayanta? 'Yarka daga Rikkos.

AMSA: Allah ya jiƙan Alhaji, ya kai haske kabarinsa.

'Yata, kafin mu zo maganar kasuwa, tashi ki kwashe faifan nan 14 ki kai ɗakinki ki danna wa akwatin kwaɗo. Ki ce wa ƙanenki in ji ni ya yi haƙuri. Na san irinsa, don ni ma haka nake da ina yaro, hannu na ƙaiƙayi. Ina ɗan koyo a wurin maigidana, wani attajiri ya kawo majigi gyara tare da fim ɗin bikin 'yarsa. Maigida ya tafi masallaci, ni kuwa na ga ai na ƙware, na zura fim na kunna. Ashe ƙugiyar da ke jan fim ɗin a karkace take. Kafin in kai hannu ta yayyage hujin gefe wajen kamu goma, daidai wurin da ake shigowa da amarya. A ranar aka gyara majigin. Amarya kuwa har yau ba ta shigo ba. Mari biyu na sha, kuma ko uku aka yi mini ban isa in ce an zalunce ni ba.

Baƙin abin da kuka gani bel ne. Roba idan ta shekara arba'in ko hamsin, ɗayan biyu take yi: ko ta bushe ta farfashe kamar ƙanzo, ko ta narke ta koma kwalta. A nan Jos na fi ganin mai bushewa, waɗanda ake kawo mini daga Abuja kuwa sun fi narkewa. Ki gode Allah, cikin duk cututtukan majigi wannan ce mai sauƙin magani.

Shagon kayanta kam babu, kada ki ƙara wahalar da ƙafarki. Eumig kamfani ne na birnin Biyana a ƙasar Ostiriya. A shekarun 1970 yana sahun gaba cikin masu ƙera majigin gida a duniya, amma ya durƙushe a farkon shekarun 1980, daidai lokacin da bidiyo ya soma korar fim daga gidajen mutane. To yaron da ke tsaron shago a Dilimi, wanda ko Kasuwar Taminus bai sani ba kafin ta ƙone, a ina zai ji sunan? Kun tafi kasuwa da suna ne. Da kun tafi da awo, da a ranar kun dawo da bel.

Fara da kankare kwaltar. Tsinken sakace, auduga, da sifirit na kemis. Ban da fetur, ban da tina, suna cin fenti da roba. Ki sa leda a hannu, ki ɗaura tsohon zane, don abin nan in ya taɓa atamfa sai dai a haƙura. Idan fuli biyun, wato 'yan wilin da bel ke zagaye, sun fito fes, dubi kwarin da bel ke kwanciya a ciki. In kwarin mai zurfi ne, bel ɗin zagayayye ne kamar taliya. In shimfiɗaɗɗe ne, bel ɗin ma shimfiɗaɗɗe ne. Samo zaren da ba ya miƙewa, irin na masu ɗinkin takalmi, ki zagaya shi a kan fuli biyun, ki sa alama da biro inda ya haɗu, ki kwance ki auna da rula. Abin da kika samu ki rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100, don bel yana son ya ɗan ja. Zare ya ba ki milimita 200, to bel mai 185 kike nema. Ki auna faɗin kwarin ma, yawanci milimita 2 ne ko 3.

Daga nan sai Farin Gada, wurin masu gyaran famfon injekta da masu sayar da zoben roban nan da makanikai ke kira orin. Su da faɗin cikin zobe suke ciniki, ba da tsawonsa ba, saboda haka raba 185 da 3.14, zai ba ki kusan 59. Ki ce musu zobe mai milimita 58 zuwa 60, kauri 2 ko 3. Kada ki ma ambaci majigi, za su ce babu. In shimfiɗaɗɗe kike nema, nemi dattijon da ke gyaran rediyo mai kaset da tsofaffin bidiyo. Kowannensu yana da gwangwanin Bournvita cike da bel, sai ki zauna ki yi ta gwadawa. Ni abin da na fi so shi ne igiyar roban nan kore ko ruwan lemo da masu kayan injin ɗab'i ke sayarwa da mita. A yanka daidai awo, a gasa wuƙa a wuta, a manna bakin biyu a jikinta har su yi laushi, a zame wuƙar a haɗe su, a riƙe kamar minti ɗaya, a gyare tudun da reza. Tana daɗewa ƙwarai. Robar ɗaure kuɗi da yankin tib na keke kuwa, kwana biyu ne aikinsu. Kada kuma a ɗame bel kamar tsirkiyar baka: yana cinye bushin inji, gudu ya ragu.

Bel ya shiga, har yanzu ba a jona wuta ba. Akwai ɗan maɓallin da ake murzawa da hannu, ko ki juya fulin da yatsa. In kin ji tauri, tsohon giris ne ya daskare kamar kakide. A wanke shi da sifirit da tsohon buroshin haƙori, a shafa sabon farin giris ɗan kaɗan, a ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya a kowane bushi. Kada mai ya taɓa bel, kada ya kusanci ƙofar da fim ke wucewa. Ban da manja, ban da man gyaɗa. Kada ki yi dariya, da idona na gani. Ita kuma ƙofar, da tsinke da buroshi ake share ta, ƙarfe ba ya shiga wurin, don ƙarzuwa ɗaya a nan za ta ja layi a kan kowane fim da ya ratsa.

Saura abu ɗaya da ke halaka fim ɗin mutane. Fim mai milimita 8 iri biyu ne. Kodak ya fito da na farko a 1932, ya fito da Super 8 a 1965. Faɗinsu ɗaya, amma hujin ba ɗaya ba. Ɗaga fim ɗin a taga: in hujin ƙanana ne kuma kowanne yana daidai tsakiyar hoto, Super 8 ne, in manya ne kuma suna kan layin da ya raba hoto da hoto, tsohon ne. Ramin tsakiyar faifan Super 8 ma ya fi faɗi. In Alhaji yana cikin waɗanda suka sayi kyamara da kuɗin ƙarin albashi na Udoji a 1975, kamar yawancin ma'aikatan da na sani, Super 8 za ki gani. Wasu majigin suna cin duka biyun, da ɗan makunni ko kayan ƙofa da ake sauyawa. A tabbata an saita kafin a zura.

Gwajin farko da fim ɗin da ba a damu da shi ba ake yi, irin katun ɗin yara da akan haɗo da majigi. A zagaya shi sau uku, a ɗaga a taga, a ga ko ya sami sabon layi ko huji ya yage. Sai ya fito lafiya sannan a ɗauko "Arfa". In fim ya tsaya cik alhali fitila na ci, kashe nan take, cikin 'yan sakan yake ƙonewa. Kowane ƙaramin faifai ƙafa 50 ne, in Super 8 ne minti 3 da sakan 20 a gudun hoto 18 cikin sakan. Ki lissafa, duk abin da Alhaji ya bar muku bai cika minti 47 ba. Ranar da za ku kalla, ku kafe waya a kan tebur tana ɗaukar bangon tun daga bismilla.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ɗan'uwana ya aiko mini da majigi mai sauti daga Amurka da faifan tsofaffin wasannin dambe. Na sa mata sitefdawun ta tashi, amma muryar mai sharhi kamar ta mai mura, 'yan damben kuma kamar a cikin ruwa suke naushi. A mako na biyu ƙwan ya mutu. Na zaga Banex da Kasuwar Wuse ban samu ba. Zan iya sa ƙwan LED ko na mota? Daga Gwarimpa, Abuja.

AMSA: Tare da naka, Yallaɓai. Cutarka biyu ce, kuma ba dangin juna ba ne.

Sitefdawun ƙarfin wuta kaɗai yake ragewa, daga bolt 230 namu zuwa 120 na Amurka. Amma wuta tana da wani hali na biyu, wato sau nawa take kai-komo a cikin sakan ɗaya. Tamu sau 50, tasu sau 60. Injin yawancin majigin nan da wannan kai-komon yake taka rawa. Makaɗi ya sassauta, ƙafa ta sassauta. Fim mai sauti hoto 24 yake so a sakan, kai kuwa 20 kake ba shi. Ka ji inda mai sharhi ya kwaso mura. Buɗe bayanta ka dubi fulin da ke kan sandar inji. Maƙeran Japan da Turai da yawa sukan yi shi hawa biyu, ko su sa ɗan makunni, an rubuta 50 da 60. In ka dace, mayar da bel kan 50, magana ta ƙare. In hawa ɗaya ne, kwance fulin ka kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe a Apo, waɗanda ke yi wa makanikai bushi. Su yi maka sabo da alminiyom ko tagulla wanda ya ɗara tsohon kauri da kashi 20 cikin 100, mai milimita 10 ya koma 12. Ramin tsakiya da ɗan sukurun ɗaurewa su zo daidai da na tsohon. Sai dai ka sani, fankar sanyaya fitila a kan sandar inji take, ita ba za ta ƙara gudu ba. Ka riƙa barinta ta huta tsakanin faifai da faifai, Abuja ba Jos ba ce.

Maganar ƙwai kuwa ta fama mini tsohon miki. Da Kasuwar Taminus ta ƙone a Fabrairun 2002, cikin abin da na rasa har da katan guda na ƙwan majigi da na yi shekaru ina tarawa ɗaya-ɗaya. Na manta da kabad da benci, amma katan ɗin nan har yau in na tuna sai na yi tsaki.

Ba ka faɗa mini lambar naka ba. Duba gindinsa ko murfin gidan fitila, za ka ga haruffa uku. EFP bolt 12 ne, wat 100. EFR bolt 15, wat 150. ELC bolt 24, wat 250. A Ingila su ne ake rubutawa A1/231, A1/232 da A1/259. Waɗannan ukun har gobe ana ƙera su, saboda madubin likita da fitilun asibiti da na dandalin wasa suna amfani da su. Ka ga ke nan Banex ka ɓata hanya. Rubuta haruffan a takarda ka nufi masu sayar da kayan asibiti da na ɗakin gwaje-gwaje. Ka sayi biyu, don ran EFP bai wuce awa 50 ba.

In kuwa ka ga DJL ko DCH, dogayen ƙwan nan masu madubi a cikin cikinsu da majigin Amurka ke so, ko A1/17 mai bolt 8 wat 50, to ka shiga layin wahala. Abin da ya rage a duniya yawanci tsohuwar ajiya ce, da tsadar tsiya, ga kuɗin aikowa, ga fashewa a hanya. Ni nakan sauya gidan fitilar ɗungurungum. Maƙerin gwangwani ya lanƙwasa mini ɗan faranti, in ɗaura soket na tangaran, in sa EFP, in ba shi taransifomarsa daban mai bolt 12 da ke ɗaukar amfiya 9 ko 10. Wahalar tana wajen saiti: madubin ƙwan yana tara haske ne a wajen santimita 3 daga bakinsa, sai an yi ta matsawa gaba da baya har tsakiyar hasken ya faɗa kan ƙofa.

Za su nuna maka ƙwan nan na haska kanti, mai bolt 12 wat 50, su rantse shi ne. Kama da wane ba wane ba ne. Nasa madubin watsa haske yake yi, na majigi kuwa tattara shi yake cikin ƙofar da ba ta kai farcen ƙaramin yatsa ba. Tazarar ƙafafun ma ta bambanta, milimita 5.3 da 6.35. LED na gwada. Ba ya zafi, ba ya ƙona fim, amma wanda na samu a kasuwa hoto dishi-dishi ya ba ni, sai a ƙaramin bango cikin duhu ƙirin. Na mota kuwa zarensa ba ya zama inda madubi ke so. Duk abin da za ka sa, kada wat ɗinsa ya wuce abin da aka rubuta, kada kuma ka kama gilashin ƙwan da yatsa tsirara, maiƙon hannu yana kashe shi. Ina kyautata zaton janareta ne ya ci naka: wuta ta haura da kashi 5 cikin 100 kawai, ran ƙwai ya ragu kusan rabi. Sa sitabilaiza kafin sitefdawun.

TAMBAYA: Baba, gaisuwa cikin sunan Ubangiji. A ɗakin ajiyar makarantarmu ta mishan akwai babbar majigi Bell & Howell mai milimita 16 da fina-finan koyarwa. Muna so yara su gani. Tana tashi, amma da ƙara ƙwas-ƙwas-ƙwas. Mun buɗe mun ga wata farar giya ta tsage. Wani ya ce a sa sufa gulu. Ɗana da ke jami'a ya ce zai buga sabuwa da injin 3D. Wa za mu bi? Malamin makaranta daga Bukuru.

AMSA: Sannu da ƙoƙari Malam, a gaida yara. Kafin masu karatu su kai ƙarata wurin Edita, giyar da ni da Malam muke magana ta haƙora ce, ba ta kwalba ba.

Irin majiginku ce motar Gwamnatin Arewa ke yawo da ita gari-gari muna yara, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a nuna noman auduga da tsaftar gida. Kodak ne ya fito da milimita 16 a 1923 don masu sha'awa a gida, sai makarantu da coci-coci da gwamnatoci suka rungume shi.

Kada a sake kunna ta. Giyar da ta tsage, in mai kama da sukuru ce, ita Turawa ke wa laƙabi da tsutsa, kuma duk mai gyaran majigi a duniya ya san halinta a ƙirar shekarun 1960 da 1970. An zuba nailan ne a kan ƙarfe. Da tsufa nailan yana tsukewa, ƙarfen ciki kuwa yana nan yadda yake, sai rigar ta yage. Ƙwas ɗin da kuke ji, tsagar ce ke dukan haƙoran maƙwabtanta a kowane juyi. Yau giya ɗaya kuke nema, in kun ci gaba uku za ku nema. Mai maganar sufa gulu a ba shi haƙuri. Nailan ba ya kama gam, ballantana wanda ya sha giris shekara hamsin, kuma ko ya kama, tazarar haƙoran ta riga ta buɗe.

Ɗanka bai yi ƙarya ba, na sha ba samari irinsa aiki. Maɓalli, murfi, ƙafar tsayawa, ɗan zoben da ke sa faifan Super 8 ya zauna a sandar tsohon 8, duk injin 3D yana yin su tsaf, kuma da can sai dai in sassaƙa su da hannu. Sai dai ya lura da robar. Wadda suka fi amfani da ita, PLA, tana yin laushi tun a zafi digiri 60, kusa da fitila lanƙwashewa za ta yi. Ya nemi PETG ko nailan. Ƙananan giya masu miƙaƙƙun haƙora ma yana iya bugawa in ya auna daidai. Ya sa alama a haƙori ɗaya ya ƙirga, ya auna faɗin giyar daga baki zuwa baki da ma'aunin makanikai mai muƙamuƙi, ya raba faɗin da yawan haƙora haɗe da 2. Haƙora 30, faɗi milimita 16, ya ba shi 0.5, wannan lambar ce girman haƙori, kuma dole giya biyu da ke cizon juna su zama lamba ɗaya. Majiginku 'yar Chicago ce ta Amurka, da inci aka ƙera ta, a nan lissafin juyewa yake: haƙora haɗe da 2, a raba da faɗi. Haƙora 30 a inci ɗaya, lamba 32 ke nan. Kuma ya auna lafiyayyar maƙwabciya, don tsagaggiyar ta kumbura, ƙarya za ta faɗa masa.

Amma tsutsar nan ban yarda a buga ta a gida ba. Ita ke ɗauke da dukan injin, tana gudu, tana gugar sauran, jikinta kuma dole ya zama sumul, abin da ƙaramin injin 3D ba ya bayarwa. Hanya biyu ce. Ko a yi odar sabuwa: akwai masu ƙera ta a Amurka da Ingila, akwai kuma Van Eck a garin Tilburg na ƙasar Holan da ya shahara da kayan majigi. Ko kuma a sassaƙa ta a nan, kuma Malam kana zaune ne a inda ya dace. Mahaifina fita ne, wato mai haɗa inji da gyaransa, a kamfanin kuza a nan Bukuru. A zamaninsu in abu ya karye, kafin jirgin ruwa ya kawo shi daga Ingila, jirgin ƙasa ya hauro da shi Filato, aiki ya tsaya makonni, saboda haka suka koyi yin komai da hannunsu. Almajiransu suna nan, sun tsufa, amma wanda ya iya yanka zaren sukuru a inji zai iya yanka tsutsa. Kai masa tsohuwar da maƙwabciyarta. Zai so ya yi da tagulla, don ita ya saba da ita. Ni na fi son farar robar nan mai tauri da ake kira Delrin. Dalilina, in wani abu ya cije, gara giyar roba ta karye da tagulla ta tsaya da ƙarfinta ta kakkarya abin da ba za a iya sassaƙawa ba. In tagullar ce kaɗai ta samu, a goge ta har sai farce ya zame a kai.

Kafin a kwance ko sukuru ɗaya, a ɗauki hoto da waya ta kowane gefe, a ɗiga jan farce a inda kowace giya ta ciji 'yar'uwarta. Akwai faifai mai fukafukai da ke tare haske daidai lokacin da ƙugiya ke jan fim. In aka mayar da su haƙori ɗaya ya goce, za ku ga mutane a bango suna jan farin jela sama ko ƙasa kamar fatalwa. Aikin yini guda ne ga wanda ya saba. Ba aikin da za a yi yara na leƙe ba ne.

TAMBAYA: Malam, gwangwanayen fim ɗin maigidana suna warin tsami kamar ruwan khal, wani ma ya nannaɗe. Wani mai gyara ya ce suna iya kamawa da wuta. Gaskiya ne? Daga Garki, Abuja.

AMSA: Hajiya, kwantar da hankalinki, mai kamawa da wuta shi ne tsohon fim ɗin gidan silima mai milimita 35 da aka daina yi a farkon shekarun 1950. Na gida Kodak bai taɓa yin sa da wannan sinadarin ba. Amma hancinki ya faɗa miki gaskiya: jikin fim ɗin ne ke ruɓewa, yana fitar da tsamin da ke cikin khal ɗin kansa, zafi da laima kuma suna ƙara masa gudu. Ba ya warkewa, yana kuma harbin na kusa da shi. Ware masu warin yau ɗin nan, a kai sauran ɗaki mafi sanyi da bushewa, nesa da kwanon rufi. Wanda ya nannaɗe kada ya shiga majigi ko da sabuwa ce fil. Ya tsuke, hujinsa ba zai hau haƙora ba, yagewa zai yi. Irinsa sai na'urar kwafewa marar haƙora. Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979, hedikwatarta tana nan Jos tare da ma'adanar fina-finai ta ƙasa. In an shigo gari a je a nemi shawararsu.

TAMBAYA: Baba, tawa ƙugi kawai take yi, sai na tura fulin da hannu take tashi. Jiya ta yi hayaƙi da ƙauri. 'Yan gwangwan sun taya, in sallama? Ɗanka daga Gangare.

AMSA: Ɗana, ƙugi babu tashi kafasita ce, 'yar'uwar ta fankar silin. Cire filogi, haɗa ƙafafunta biyu da sukundireba mai mariƙin roba don ta sauke wutar da ta ɓoye, karanta lambar jikinta, ka je wurin mai gyaran fanka. Lambar maikurofarad ta zama daidai, ta bolt kuwa daidai ko sama. Hayaƙin zai yiwu ita ce, zai yiwu wata 'yar ƙarama ce a bakin shigar wuta, wadda aikinta hana majigi sa wa rediyo shashsheƙa. In kuwa wayar inji ce ta ƙone, masu naɗin kwayil suna nan birjik.

Kada ka sallama. Su a kan sikeli za su ɗora ta, su fasa da guduma su zare jan ƙarfe, alhali a cikinta akwai gilashi, sifirin, ƙugiya da sukurori da babu mai ƙera su yanzu. Ko ta ƙi gyaruwa, a gawar irinta muke samun abin rayar da wata. Ni kaina wata takwas ke nan ina neman ɗan farantin da ke danne fim a ƙofar Elmo 16-CL, an kawo mini ita babu shi, na gwada yin sa da gwangwanin madara sau biyu bai zauna ba. Duk mai gawarta a gida ya aiko saƙo ta ofishin mujalla. Zan biya fiye da kuɗin kilo, in haɗa masa da kwandon dankalin Bokkos.